Gaisuwa Daga Saman Kanta

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, ko na so in manta ma dangin matata ba za su bar ni ba.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Bebeji. Surukina, Baba Malam na Tudun Wada, ya tara littattafai tun yana saurayi, irin manyan nan da sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga. Da gara ta fara yi musu ɓarna, sai ya aiko cewa zai damƙa su ga wanda zai iya riƙewa. Mu biyu ne a ransa, ni da wani ɗan ƙanensa da ke Doguwa. Ya ce ranar Asabar zai zo ya ga inda zan ajiye su. Ina son littattafan, amma gaskiya abin da na fi so shi ne Baba Malam ya yarda ina da hankali (shekara shida ina auren 'yarsa, bai taɓa tambayar ra'ayina a kan komai ba).

Na sa Mamuda kafinta ya haɗa mini kanta ta katako mai alluna uku, ya kafe ta a bango, tsawonta ya kusa taɓa silin. Rigima ta tashi a kan abin da zai tallafi allunan. Mamuda ya ce a buga guntayen katako a ƙarƙashin kowane allo, yadda ubansa yake yi. Ni kuwa na riga na gani a waya cewa yanzu wasu 'yan ƙarafa ake yayi, kamar ƙwayar gyaɗa, a huda rami a soka. Ya ce waɗannan na ɗora kwalaben turare ne. Na ce masa duniya ta ci gaba. Da muka gaji, sai na yanke hukunci irin na malaman makaranta, wato a yi jarrabawa. Allon ƙasa aka sa masa katakon Mamuda, na tsakiya ƙarfe mai kusurwa da aka ɗaure da noti, na sama kuma 'yan gyaɗata.

Saura abin gwaji. Na tuna na taɓa ɗaga akwatin littattafan guda ɗaya, kuma a lissafina bai fi ni nauyi ba (dama ni ba wani jiki gare ni ba). To me zai hana ni in zama ma'aunin?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Hadiza matata ta shiga maƙwabta barka. Na tuɓe babbar riga, daga ni sai singileti da wando. Na shiga allon ƙasa na naɗe, na ƙirga ɗari. Ko gezau. Na tsakiya ma haka, har na fito na rubuta masa maki da jan biro. Sannan na taka kujera na haye na sama. Ina gyara kwanciya ƙafata ta ture kujerar, sai na ji ƙas. Ƙarfe ɗaya na baya ya fice, allon ya karkata wajen bango, na gangara na maƙale, gwiwa a haɓa.

A nan na ji sallama, kuma muryar Baba Malam ce. Ashe motar wani ɗalibinsa ya samu, ya ga ba sai ya jira gobe ba. Da na yi shiru, da a zaure zai zauna. Amma bakina ya riga ni, na amsa da ƙarfi, har da cewa bismilla a shigo.

Ya shigo da ƙanensa, Baba Sale. Suka duba tsakar ɗaki, suka duba bayan ƙofa.

"Ga ni nan sama, Baba," na ce.

Kowa ya san ba a gaida suruki a tsaye, balle a kwance a saman kansa. Na yunƙura zan durƙusa a inda nake, allon ya yi ƙara, na fasa. Sai na sunkuyar da kai iya abin da wuri ya bari. Baba Malam ya shimfiɗa buzunsa ya zauna, ya ɗaga kai, ya shiga gaisuwa kamar dama haka muka saba. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da ɗalibai da damina. Ina amsa lafiya lau, gumina na ɗiga kusa da rawaninsa. Baba Sale ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Muna kan "ya muka ji da zafi" sauran ƙarafan suka saki. Ni da allon muka faɗo tim a kan na tsakiya, shi kuwa ko motsi bai yi ba.

Baba Malam ya miƙe, ya ƙwanƙwasa allon da ya tare ni, ya leƙa ƙarƙashinsa ya shafa ƙarfen. Bai tambaye ni ko na ji ciwo ba.

"Wannan ya riƙe," in ji shi. "Sale, gobe a kawo littattafan nan. Wanda ya fara ɗora kansa kafin ya ɗora littafina ba zai bar wa gara su ba." Sai ya dube ni. "Amma hawan sama a bar shi babu komai, ko maigida zai buƙaci wurinsa."

Littattafan suna nan har yanzu. Mamuda ya zo ya buga katakonsa a sama yana murmushi, wanda ya fi zagi ciwo. In Baba Malam ya kira Hadiza kuwa, sai ya ce in ina ƙasa a ba ni waya.

Abin da na koya shi ne, in za ka gwada ƙarfin kanta, ka nemo buhun masara. Buhu ba ya amsa sallama, kuma ba shi da suruki.