Ranar da Aka Ƙaƙaba wa Daddawa Takunkumi

Malama Balaraba, mutuniyar Misau, ta daɗe tana koyar da shari'a a wata kwaleji kafin ta samu gurbin ƙaro ilimi na shekara guda a ƙasar Holan, fannin dokokin ƙasa da ƙasa. Ranar tafiya kowa da guzurin da ya kawo mata. Maigidanta ya sayo rigar sanyi, ƙannenta suka kawo kilishi, gwaggonta Hanne kuwa ta ɗaure mata garin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa ƙulli guda, ta ce, "Ke dai tafi da su. Kanki ne ya iya Turanci, cikinki bai iya ba."

A garin da ta sauka ɗaki ya fi aiki wuyar samu. Da ƙyar ofishin gidajen ɗalibai ya cusa ta a wani gida mai ɗaki uku da kicin ɗaya, aka kuma ja mata kunne cewa idan abokan zama biyu suka haɗu suka kai ƙarar mutum, ana iya sallamarsa ya nemi wani wuri.

Abokan zamanta mata biyu ne, 'yan ajinsu. Ɗaya ita ce Anelis, 'yar Beljiyam, doguwa mai tabarau, wadda ko atishawa za ta yi sai ta duba ko doka ta yarda. Ita a ganinta duniya ba za ta zauna lafiya ba sai an yi gwamnati ɗaya da kotu ɗaya, babba da yaro kowa ya durƙusa a gabansu. Ɗayar kuma Shelbi ce, Ba'amurkiya, mai murya kamar lasifikar tasha. Firijin gidan nata ne, motar da ke ƙofar gida ma tata ce, kuma ba ta bari a manta. Tun ranar farko ta yanke wa Balaraba suna, ta koma ce mata Bala. Balaraba ta yi bayani har ta gaji cewa Bala sunan kawunta ne, mai gemu har ƙirji, amma ina.

Kullum da safe a kan shayi sai an yi musu.

"Wa zai zauna a wata ƙasa, ban zaɓe shi ba, ya ce zai ba ƙasata umarni?" in ji Shelbi. "Majalisar Ɗinkin Duniyar nan taku wurin shan iska ne kawai. Mu ke ɗauke da ita, a zo kuma a zage mu a ciki."

Anelis ta gyara tabarau ta ce, "Mu a Turai mun gwada rayuwa ba doka, mun ga inda ta kai mu. Shi ya sa muka waye. Ko ba haka ba, Balaraba? Ku ne ma kuka fi kowa buƙatar kariyar doka."

Balaraba dai takan yi murmushi ta ci gaba da kurɓar shayinta. Karatu ya kawo ta, ba rabon faɗa ba.

Ba a jima ba Anelis ta ce ai gyaran duniya daga gida yake farawa, saboda haka ta kafa abin da ta kira Majalisar Kicin. Kowa ƙuri'a ɗaya, abin da mafi rinjaye suka yanke shi ne doka. Ta naɗa kanta shugaba, don a cewarta wani dai dole ya ɗauki wahalar. Gaskiya abin ya burge Balaraba, har ta ce a ranta lalle mutanen nan sun san zaman tare. Shelbi kuwa dariya ta yi har da buga tebur, ta ce, "Zan riƙa zama don in ji abin da kuke cewa. Amma ku sani, ba ruwana da abin da kuka yanke."

Dokar farko da aka kafa ita ce duk wanda ya ci abinci ya wanke kwanonsa. Shelbi ta ci taliya ta jibge tukunya da faranti a wurin wanke-wanke, ta zari makullin mota ta fice. Tukunya ta kwana, ta sake kwana, har ta fara tsiro da wani abu kore. Balaraba ta kai kuka majalisa. Anelis ta saurare ta da kyau, ta girgiza kai, sannan ta miƙe tsaye ta sanar cewa majalisa ta nuna matuƙar damuwarta.

Balaraba ta ce, "To, sai kuma me?"

"Za mu ci gaba da sa ido."

Aka ci gaba da sa ido, tukunya ta ci gaba da tsiro. Balaraba, wadda ba ta iya cin abinci tana kallon ƙazanta, ta naɗe hannun riga ta wanke. Daga nan ya zama al'ada: Shelbi ta ɓata, majalisa ta damu, Balaraba ta wanke.

Duk wannan lokaci ba ta taɓa ƙullin gwaggonta ba, don kunyar baƙunta. Burodi da dankali take ta turawa har zanenta ya fara yi mata yawa. Wata Asabar da rana, ana sanyi mai shiga ƙashi, kewar gida ta taso mata. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta daka daddawa, ta kaɗa miyar kuka da man shanu. Ƙamshi ya tashi, ita har da lumshe ido, ji take kamar tana tsakar gidansu.

Ba ta kai loma ta uku ba Shelbi ta faɗo kicin da hannu a hanci tana cewa, "Me ya mutu a gidan nan?" Anelis ta biyo ta, ta bi tagogi tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ta kira zaman gaggawa nan take.

Abin mamaki, Shelbi da ba ta ɗauki majalisa a bakin komai ba ita ta riga kowa jan kujera. Anelis ta yi jawabi mai tsawo. Ta ce tana girmama al'adun kowa, musamman na Afirka, tana ma da gangar da ta sayo a can rataye a ɗakinta. Sai dai iskar kicin mallakar kowa ce, don haka tana gabatar da ƙudurin hana dafa wannan abu a gidan. Kafin ta rufe baki hannun Shelbi yana sama.

Balaraba ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, ba ke kika ce ba ruwanki da majalisa ba?"

"Yau da ruwana," in ji Shelbi.

Biyu da ɗaya, ƙuduri ya wuce. Kuma wannan karon ba a tsaya nuna damuwa ba. Aka yanke cewa har sai Balaraba ta nuna ta gyara hali, kayanta za su fita daga firiji, idan kuma ta maimaita, ƙara sai ofishin gidaje. Shelbi da kanta ta kwaso madararta da ƙwanta ta jera mata a bakin taga.

Balaraba malamar shari'a ce, ta ce bari ta bi ta hanyar da suka shimfiɗa. A zama na gaba ta kawo nata ƙudurin. Akwai wani cuku da ake aiko wa Anelis daga garinsu, wanda idan aka buɗe shi sai ka rantse an cire safar ɗan ƙwallo bayan wasa. Ta ce tunda iska ta kowa ce, a hana shi shi ma. Sannan a sa wa wanke-wanke hukunci irin wanda aka sa wa miya.

Anelis ta dafe ƙirji. "Wannan cukun tun kakannin kakanninmu ake yin sa. Kayan tarihi ne, ba ya cikin hurumin majalisa."

"Daddawa fa? Daga sama ta faɗo?"

"Wannan daban."

Shelbi ko ɗago kai daga waya ba ta yi ba. Ta ce, "Maganar wanke-wanke kuma na hau kujerar na-ƙi."

Balaraba ta ce, "A ina aka ce kina da ita?"

Shelbi ta nuna firiji da babban yatsa.

Ranar Balaraba ta shiga ɗaki ta kira maigidanta, baƙin ciki ya hana ta kuka ma. Ya ce, "Haƙuri za ki yi, Maman Nasiba. Idan suka kore ki a wannan sanyi, ina za ki? Shekara ɗaya ce, kamar yau ne." Ta san gaskiya ya faɗa. Ta tura ƙullin gwaggo can ƙasan akwati, ta koma wa burodi. A aji tana zaune tana jin Anelis na zuba bayani a kan daidaito tsakanin ƙasashe, malamai suna gyaɗa kai, cikinta kuwa na ƙugi.

Haka aka tafi har sanyi ya fara ja da baya. Wata rana Anelis ta dawo daga makaranta ta buɗe firiji, babu cuku babu alamarsa. Sabon aike ne kuwa, mahaifiyarta ta kawo mata da hannunta. Ta tambaya, Shelbi ta ce ita ta jefa shi a shara, don ta lura yana barazana ga lafiyar sauran kayan firijinta, kuma ba za ta zauna jira sai ya yi ɓarna ba.

"Ba tare da kin kawo maganar majalisa ba?" in ji Anelis.

"Firijina ne."

Anelis ta yi ja wur kamar tumatir. Ta rantse wannan karon sai ofishin gidaje ya ji. Sai a lokacin ta tuna ofis ba ya karɓar ƙarar mutum ɗaya, sai biyu. Shelbi ma ta tuna.

Tun daga ranar Balaraba ta zama 'yar gata. Da safe Shelbi ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta kira sunanta cikakke, Ba-la-ra-ba, tana jan kowace gaɓa kamar mai koyon karatu. Ta ce ta share mata wuri a firiji, kuma duk ranar da take son zuwa shagon kayan Afirka mota a shirye take, abin da ake so kawai ta tsame hannunta daga wannan 'yar rigima. Da rana Anelis ta tare ta a hanyar laburare da kofin shayi, ta ce ta daɗe tana tunani a kan batun miyar nan, kuma majalisa a shirye take ta duba yiwuwar sassauta takunkumi, wataƙila sau ɗaya a wata, taga a buɗe, da sharaɗin a sanar tun da wuri.

Balaraba ta yi wa kowacce godiya, ta ce za ta yi shawara.

Aka sa zama ranar Lahadi bayan azahar. Da suka shigo kicin sai suka tarar da tukunya biyu a kan wuta. Balaraba ta ɗaura zane a ƙirji kan rigar sanyi, tana tuƙi da muciya, daddawa ta cika gidan har matattakala, tagogi duk a rufe. Shelbi ta kai hannu hanci, ta tuna, ta mayar da shi kamar mai sosa kunci. Anelis ta haɗiye yawu ta ce, "Ƙamshi mai... ƙarfi."

Balaraba ba ta yi gaggawa ba. Ta kwashe tuwonta, ta zuba miya, ta yaryaɗa man shanu, ta wanke hannu, ta zauna a kujerar shugaba, ta yi bisimilla. Suna zaune suna kallonta, ba mai ikon yin tari.

Da Anelis ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ta buɗe zama. Ta karanto laifin Shelbi, ta ce masu goyon bayan a kai ƙara su ɗaga hannu, ta ɗaga nata. Shelbi ta ce waɗanda ba su yarda ba fa, ta ɗaga nata ita ma. Ido huɗu suka juyo kan Balaraba.

Ta ce, "Ku yi haƙuri, hannuna da miya."

Shelbi ta tuntsire da dariya. Anelis kuwa ta cire tabarau, ta matso da kujera, ta sassauta murya kamar mai lallashin yaro.

"Balaraba, ke fa malamar shari'a ce, kin fi kowa sanin abin da nake nufi. Idan kika ƙi kaɗa ƙuri'a, majalisar nan ta rushe. Kuma duk inda babu doka, mai ƙarfi cinye mara ƙarfi yake yi."

Balaraba ta suɗe yatsunta tsaf, ta dube ta, ta dubi Shelbi, ta ce:

"Ai da dokar ma cinye ni kuka yi. Ita da hannu, ke da cokali mai yatsu."