Yadda Za Ka Gyara Wa Surukarka Waya Har Danginta Su Daina Gaishe Ta

Kai mai karatu, in kana da tsohuwa wadda ke zaune lafiya da 'yan'uwanta, kuma abin yana tsaya maka a rai, ga hanya. Matakai bakwai ne. Ina ba ka tabbaci suna aiki, don a kaina anka gwada su.

Ni ce Hauwa'u mai daddawa ta Kebbe. Ban yi boko ba. Malama Ni'imatu maƙwabciyata ke rubutawa, kuma na gaya mata in ta sassauta mini kalma ɗaya, Allah na gani. Gwanin da ya fito da wagga dabara shi ne Mu'awiya, mijin ɗiyata Rumasa'u, ma'aikaci a Tambuwal. Na san suruka ba ta kama sunan suruki. Kunyar tana nan, na ajiye ta ne sai an gama magana.

Mataki na 1: Karɓi wayar ba a roƙe ka ba

Ka zo gaisuwa ranar Asabar, ka tarar tana shanya kalwa. Ka durƙusa ka gaishe ta yadda ya kamata. Sannan ka kalli wayarta bisa tabarma, ka girgiza kai, ka ce, "Inna, wagga waya ai ko rabinta ba ki amfani da shi."

In ta ce, "Tana kira, tana amsawa, mi ya rage?" kada ka ba ta amsa. Ka yi murmushi irin na wanda anka taɓa turawa kwas Sakkwato, ka miƙa hannu.

Mataki na 2: Kwashe komai daga inda ta san shi

Wanda bai iya karatu ba, da wuri yake gane abu. Koren nan na ƙasa ta hannun hagu, kira ne. Na kusa da shi, saƙon murya. Hoton jar akuya, Yaya Ummulkulsum ce ta Jabo. Hoton buhu, mai kawo mini kalwa daga Fakku. Shekara uku ban taɓa kiran wani bisa kuskure ba.

To ka share hotunan duka. Ka rubuta sunayen da haruffa, a jere, tsaf. Ka maida kowace alama shuɗiya don su dace da juna. A fuskar wayar ka saka wani dutse na ƙasar Turawa, ruwa na zubowa daga kansa ba tsayawa. Ka ce, "Yanzu ta yi tsari."

Masana sun tabbatar ba dole ba ne tsohuwa ta gane wayarta. Ya isa baƙo ya gani ya ce ta yi kyau.

Mataki na 3: Kulle ta da ɗan yatsa

Ka ɗauki zanen yatsanta ranar da hannun yake huce. Kada ka tuna cewa gobe za ta wuni tana murzar dafaffar kalwa, jibi kuma ta ƙunsa lalle. Daga ranar wayar ba za ta ƙara sanin ta ba.

Ka bar mata lambar sirri don ko-ta-kwana, ka ce shekarar da anka haifi Rumasa'u ce. Na san shekarar sarai. Shekarar da fara ta cinye mana gero ce. Na duba ko'ina ban ga wurin danna wannan ba.

Sai nic ce wa raina, ba komai, in an kira ai ina iya amsawa.

Mataki na 4: Cika ta da manhajoji masu amfani

Ka saka mai faɗin ko za a yi ruwa, don matar da ke gane hadari da ciwon gwiwa. Ka saka mai ƙirga taku, wadda za ta riƙa yi mata faɗa cewa ba ta tafiya, ita da ke barin waya a ɗaki ta tafi rijiya sau biyar. Ka saka mai nuna alƙibla. An yi sa'a ta nuna inda nika fuskanta shekara hamsin, da ban san yadda zan rama sallolin ba. Fitila kuwa, abu ɗaya da take so, ka ɓoye ta inda sai mai digiri.

Babbarsu ita ce mai hoton tsintsiya. Wai tana share shara don waya ta yi sauri. Ka danna, ka nuna mata yadda tsintsiyar ke kai-komo, ku yi dariya tare.

Ga sharar da ta share. Ni da Yaya Ummulkulsum mun yi shekara shida ba ma magana, a kan itacen ɗorawa ɗaya a gonar mahaifinmu. Dangi kaf sun sani. Abin da ba su sani ba, azumin bana ta aiko mini da murya. Tac ce, "Hauwa'u, itace ne fa. Mun tsufa. Na yafe, ki yafe." Daga nan kowace Juma'a muna aika wa juna. Munka shirya sai Babbar Salla in je Jabo mu zauna tabarma ɗaya, mu ga wanda zai fara suma a cikin dangi. Waɗannan muryoyin su ne sharar.

Wayar dai ta ƙara sauri. Wannan ba zan yi masa ƙarya ba.

Mataki na 5: Toshe baƙin lambobi

Nan ne gwanintar take. Ka ce, "Inna, 'yan damfara sun yi yawa." Ka saka manhajar da ke hana duk lambar da ba a ajiye ba shigowa. Ba ƙara, ba motsi.

Kada ka tuna inda anka haife ka. A garuruwanmu wa ke kira da wayarsa? Mai kati ba shi da caji, mai caji ba shi da kati. Labarin haihuwa da na mutuwa, da wayar aro suke zuwa.

Safiyar Laraba Yaya ta rasu. Wayar ɗanta Uthman ba caji. Ya kira da ta liman, da ta mai shago, da ta maƙwabta. Sau goma sha ɗaya. Ina zaune kusa da wayar ina tsince kalwa, ruwa na ta zubowa daga dutse. Bayan azahar anka kai ta.

Sai da ta kwana fuɗu a ƙasa na ji. A kasuwa, ina auna wa wata mata daddawa, tac ce, "Ya haƙuri?" Nic ce, "Na mi?"

Mataki na 6: Bar ta ta je ta yi bayani da kanta

Na isa Jabo. Hamdiya, babbar ɗiyar marigayiya, ta dube ni tac ce, "Sannu da zuwa, Inna. Ai mun ɗauka sai an sare ɗorawar za ki zo."

Nic ce, "Ba a kira ni ba."

Uthman na bakin ƙofa, yac ce, "Sau goma sha ɗaya, Inna. Ko liman sai da ya ce mu ƙyale ki."

Nic ce, "Wallahi mun shirya da ita tun azumi."

Hamdiya tac ce, "Ikon Allah. Ita dai ba ta nan balle ta ƙaryata."

Na ciro waya in kunna musu muryarta. Na ɗora yatsa sau uku gaban mata cike da tsakar gida, ta ƙi ni. Ko da ta buɗe ma, daga baya na gane ba komai ciki. Anka kawo mini ruwa a moɗa, anka shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai. Har na taso ba wadda ta zauna a gefenta.

Mataki na 7: Ka ce ba kai ba ne, seti ne

Malama Ni'imatu ta kai wayar wurin masu gyara, anka buɗe, sai ga kiran nan goma sha ɗaya a kulle wuri ɗaya kamar awakin da sunka yi ɓarna. In anka gaya maka, ka ce, "Subhanallahi, ai setin wayar ne." Ka aiko matarka da lemu. Ka ce aiki ya yi yawa a ofis. In surukar ta matsa, ka ce a kawo wayar ka ƙara gyarawa.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, abin da ya same shi ba ruwana, ba ruwan Malama Ni'imatu. In surukarka ta daina cin abincin gidanka, ba ni na aike ka ba. In anka karanta takarda irin wagga gaban maza a zaure, da sunanka da na ubanka, kai ka saya.

Kai kuma Mu'awiya, ranar Litinin ce sadakar arba'in. Muryar Yaya na san ba ta dawowa, ban roƙe ka ita ba. Sunana nika nema. Za ka ɗauke ni bisa mashin ɗinka zuwa Jabo. Ka tsaya gaban maza ka faɗi abin da ka yi, ka matso ƙofar cikin gida ka sake faɗi mata su ji, da ƙarfi, don Hamdiya. Da bakinka, ba da saƙon murya ba.

Ka iso da hantsi, ka cika tanki. Hanyar ba ta da kyau, kuma ba zan yi maka hira ba.