Dodon Japan da Gammon Hajaratu

"Ina kwana, amarya?" in ji Alƙasum, sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a garin Tawa na ƙasar Adar, ya durƙusa gaban kakarsa Hajaratu.

Jiya ya nuna wasan kwaikwayon da ya ɗauko daga wata tatsuniyar Japan, ta dodo mai ƙwaryar ruwa a ka, wanda in ya sunkuya amsa gaisuwa ruwan zai zube ƙarfinsa ya ƙare. An yi dariya har da hawaye, amma bai san ko ta yabo ce ba. Sufeton da ke zaɓen masu zuwa gasar Yamai kuwa, don rashin sa'a, kusa da tsohuwar ya zauna.

"Lahiya lau, ragon miji. Mi ya hiddo ka ba karin kumallo?"

"An ce suhweto ya tambaye ki. Mi kinka ce mai?"

"Na ce ban taɓa ganin sakaran dodo irin naka ba. Gaisuwa guda ya kihe ƙwarya! Wace ɗiyar Adar ba ta durƙusawa da tulu bisa kai, ko ɗigo bai zuba?"

"Haka Japanawa sunka rubuta, tsohuwa mai haƙori biyu."

"Su sunka ja maka guga? Gaba talatin rijiyar nan, kunka malale ruwan a ƙasa gaban mutane. Matan garin Kalhu har salati sunka yi."

"Na sake ki, saki ukku."

"Sai ka auri dodon, ku mutu da ƙishirwa tare."

Alƙasum ya nemi dariya bai same ta ba. Wata biyu yana fama da wasan nan, ya kuma yi wa ƴan wasansa alkawarin Yamai.

"Kaka, don Allah. Ya ce mun hwaɗi?"

Ta dube shi, tausayi ya kama ta, amma sai da ta gama tauna goronta tsaf. Sannan ta jawo tsohon gammonta ta jefa masa a cinya.

"Dariya ta hana shi magana, sai da ni bubbuga mai baya. Ya ce jibi mota za ta kwashe ku. Ungo, ba dodonka shi aza, kar shi zubda mana ko ɗigo bisa hanya."

"In bai zubar ba ai babu wasa, Kaka."

"Shi kai Yamai shi zubda can. Su suna da gulbi."