Ranar da Barkono Ya Tsiro a Kaina

Ba na jin zan taɓa mantawa da zaman da na yi a zauren Malam Isiyaku na Tamawa, ina gurfane, hawaye na zuba kamar an yi mini rasuwa. Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi ke nan, ina saurayi, ina taya mahaifina cinikin hatsi a kasuwar Dutsin-Ma.

'Yar Malam Isiyakun nake nema, sunanta Hajara. Ita dai ta amince da ni, amma labari ya iso mini cewa uban ya faɗa a cikin mutane wai 'ya'yan 'yan kasuwa sun iya awon hatsi, amma ba su san ta inda yake fitowa ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da na ji yana da lambun barkono a bakin rafi, yana ji da shi kamar ɗan fari, sai na ƙudura ni ma sai na fid da dashen barkono da hannuna na kai masa gaisuwa. (Ni da ko gyaɗa ban taɓa binnewa a ƙasa ba.)

Na sayo busasshen barkono daga ƙauyen Kuki, ƙanana masu yajin bala'i, na murtsuke na zuba a wata fasasshiyar tukunya a bayan ɗaki. Lokacin sanyi ne. Na yi ta ban-ruwa safe da yamma, ƙasa ta yi mini shiru. Na sake zubawa, kaji suka tone. Da Gwaggo Ladi, yayar mahaifina, ta gaji da ganina ina zagaye tukunya, ta ce ai irin barkono ɗumi yake so. In jiƙa shi, in ƙulle a tsumma, in ajiye wuri mai ɗumi, in ya fasa baki sai in sa a ƙasa. Ita gefen murhu take nufi. Ni kuwa na ji tsoron kada a haɗa da kara a cusa a wuta, sai wayona ya nuna mini babu wuri mai ɗumi da aminci kamar cikin hulata. Ban ko tsaya ware 'ya'yan daga ɓawo ba, da gari da komai na ƙulle.

Haka na yi kwanaki ina yawo da gona a ka. Tsakiyar kaina kan ɗan yi raɗaɗi, in ce alamar abu na aiki ne.

Wata safiya, na gama yayyafa wa ƙullin ruwa ke nan, Baffa Sule, ƙanen mahaifina, ya shigo ya ce in shirya maza, Malam Isiyaku ya aiko yana son ganina da idonsa kafin manya su shiga maganar. Don rawar jiki na zura babbar riga, na danna hula, ban ko tuna da abin da ke ciki ba. Muka hau kekuna. Ba mu kai Kurfi ba rana ta buɗe, gumi ya fara tsattsafo mini.

Muka iske Malam Isiyaku a zaure da 'yan uwansa dattawa. Na durƙusa can gefe, na sunkuyar da kai yadda ake yi gaban suruki. Bayan gaishe-gaishe ya gyara zama ya ce ba zai ɓoye mana ba, akwai ɗan wani amininsa a Dabawa, manomi ɗan manomi, shi ma ya aiko yana son yarinyar. Daidai nan ɗigon farko ya gangaro ta goshina ya faɗa idon hagu.

Wanda bai taɓa ɗanɗana ruwan barkono a ido ba, Allah ya sa kada ya ɗanɗana. Na runtse, na dama ma ya karɓi rabonsa. Na ce bari in daure, hanci ya shiga zuba. Cire hula gaban suruki kuwa ba a yi, balle a ga abin da ke ƙarƙashinta. Na sa hannu na share goshi na murza ido, na ƙara wa wuta mai. Ban ankara ba sai na ji sheshsheka ta kuɓuce mini.

Baffa ya miƙo hannu ta ƙarƙashin riga ya mintsine ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai, kada ka kunyata mu." Na ji wani dattijo ya ce tun da yake bai taɓa ganin ƙato mai gashin baki yana kuka kan mace ba. Malam Isiyaku kuwa tausayi ya kama shi, ya sassauta murya: "Yaro, mi ya yi zahi? Ai ban ce na ba wancan ba."

Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, barkono." Na fizge hula, ƙullin ya faɗo a kan tabarma ya kwance.

Ni ba na gani, sai dai na ji motsin mutane suna matsowa. Can na ji muryar Malam Isiyaku yana cewa, "To, ai kuwa sun tsiro." Ashe duk sun fasa baki, sun fid da fararen saiwoyi kamar zare. Dariyar da aka yi a zauren nan har mata a cikin gida suka aiko a tambayi ko lafiya. Aka kawo nono a ƙwarya, Baffa na wanke mini ido yana zagina a hankali, ni kuma ina ba da labarin tun daga tukunya har kaji. Na riga na sallama, na ce auren nan ya tafi Dabawa.

Da aka natsa, Malam Isiyaku ya naɗe tsumman da kansa a tsanake ya ajiye gefensa. Ya ce ya ga masu shuka a fadama, ya ga masu shuka a kasko, amma bai taɓa ganin wanda ya ba da kansa aron gona ba. Mutumin da zai sha wannan azaba don ya faranta wa suruki, in ji shi, ba zai wulaƙanta ɗiyar mutane ba. Ya dubi Baffa ya ce, "Malam Sule, ku turo manya." Wata ajiyar zuciya da na yi, sai da hular da ke cinyata ta faɗi.

Bayan aure Hajara ta gaya mini cewa da aka shiga aka ce mata ga saurayinta can yana kuka a kanta, daɗi ya kashe ta, har ta fara yi wa ƙawaye yanga. Sai ga ɗan aike na biyu da labarin barkono. Ta ce bashin hawaye ne a kaina, kuma har muka yi jikoki ba ta yafe ba.

Abin da na koya dai, in za ka gidan surukai, kafin ka duba ko rigarka ta sha guga, fara leƙa cikin hularka.