Kwamanda Sai-Toka da Uwar-Garwashi

Duk ofishin kashe gobarar da Allah ya so da rahama, irin Kwamandanmu yake ba shi. Mutum ne tsayayye, ga tumbi, ga gashin baki, ga anini a kafaɗa suna walƙiya. Takalminsa kuwa, mace za ta iya gyara kwallinta a jikinsa. Tun da aka kawo shi hayaƙi bai taɓa samun hanyar kakinsa ba. Kada a ce tsoro ne, tsabta ce. Mutanen unguwa, saboda tsananin ƙauna, suka raɗa masa suna Sai-Toka. Ba ya yi wa wuta katsalandan. Yakan bar ta ta gama aikinta cikin natsuwa, sannan ya iso ya yi jawabi a kan abin da ta rage.

Motarmu guda ce, ja, tankinta kuma yana yoyo ta ƙasa. In muka cika shi da safe, kafin la'asar ya zama ganga, a buga ya amsa. Muka kai kuka. Ƙaramin shugaba da sai ya kira mai walda a wuce wurin. Namu ya shiga ofis ya rufe ƙofa, ya tsoma hitarsa, ƙarfen lantarkin nan mai tafasa ruwa, a bokitin roba ya dafa shayi, ya fito mana da ilimi.

Ya tara mu a gaban allo, ya zana wata halitta da alli. Ya ce sunanta Uwar-Garwashi, kuma shi ne mutum na farko da ya gano ta.

"Ku buɗe kunnuwanku, jahilai," in ji shi. "Kun ɗauka gobara daga waya ko risho take tashi? Wannan ce. Kanta na zaki, jikinta na kada, ƙafafunta na jimina, fikafikanta na mikiya, jelarta a nannaɗe kamar maciji ya kwanta. Cikinta uku. Na farko mai ne a ciki, na biyu garwashi, na uku iska, yana aiki kamar zugazugin maƙeri. In ta ciji haƙora sai su ba da tartsatsi, shi ke nan gari ya kama. A toka take ƙwai. Abin da ya fi muhimmanci kuma, ku riƙe wannan: ruwa abincinta ne. Ta sha, ya koma kalanzir a cikinta. Wanda ya watsa mata ruwa, kiwonta yake yi."

Direbanmu ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, to tankin fa?"

"Tankin da ke yoyo ya fi ka hankali. Shi ya gane, kai ba ka gane ba."

Haka aka rufe maganar walda. Kowa ya koma kan bencinsa da sabon sani.

Bayan katangar ofishin Kwamanda akwai rumfar wani kafinta, dattijo mai guntun gemu. A da can a wani layi yake, gobara ta cinye masa komai har guduma. Da ya farfaɗo sai ya dawo ya jingina da mu, a tunaninsa maƙwabcin rijiya ba ya kwana da ƙishi. Rumfar cike take da katako da dusar katako, ga zarto, ga injin gogewa, abin da yake ciyar da iyalinsa ke nan, ba shi da wani. In ta sake tafiya, ƙarfin da zai tashi na uku ya ƙare.

Da ya ji labarin tankin sai ya shigo, ya cire hula. "Yallaɓai, ni na taɓa ganin wuta ido da ido. Don Allah a liƙe tankin nan. In mai walda ne, ƙanina yana yi, yau ɗin nan zai zo."

Kwamanda ya dube shi kamar yadda likita ke duban mai sayar da saiwa. "Baba, ka ga wuta, ni na karanci mai wutar. Tsakaninmu akwai tazara. Je ka ci gaba da ƙusoshinka."

Dattijo ya mai da hularsa ya fita. Wanda gemunsa ya taɓa kamawa ba ya jiran a ce masa ya shafa ruwa. Washegari ya roƙe mu guntun tsohon tiyo, muka ɗaure a bakin yoyon, ya zura ta ramin da ke gindin katanga. Ya jera duro-duro a rumfarsa. Kullum mu cika tanki, kullum tanki ya cika duro. Kwamanda ya ga tiyon ya ce madalla, an nesanta abincin dabbar daga ofishinsa.

Bincike bai tsaya nan ba. Ran nan ya gano cewa kunnuwan Uwar-Garwashi na jemage ne, jiniya tana fusata ta. Aka kwance jiniya. Da gidan burodi ya kama, muka tafi shiru kamar masu kai amarya gidan makoki, muna bin bayan amalanke, direba yana leƙo kai yana cewa a yi haƙuri a ba mu hanya. Muka tarar da maƙwabta sun gama da bokitai. Kwamanda ya sauko, ya taka a hankali don takalmi, ya duƙa a kan wani sawu.

"Kun gani? Ƙafar jimina!"

Mai burodi, fuska duk baƙi, ya ce, "Yallaɓai, sawun zakarana ne."

"Ƙaramarta ce," in ji Kwamanda, ya koma mota.

Suna ya tafi. Sai ga manyan baƙi daga hedikwata da 'yan jarida, sun zo jin wannan ilimi da ya gagari duniya. Kwamanda ya sha guga, ya sa aka fito da allo tsakar fili. Kafin ya fito ya tsoma hita a bokitin roba, don a samu ruwan shayin baƙi, ya ja ƙofa. Ya ce taƙaitaccen bayani zai yi.

Ya fara da kan dabbar. Ya daɗe a haƙora. Ya shiga ciki na farko, ya fito, ya shiga na biyu. Ruwan bokiti ya tafasa ya gaji da jira ya tafi. Yana cikin ciki na uku, yana kwaikwayon zugazugi da hannuwa biyu, sai hayaƙi ya turnuƙo ta tagar ofishinsa, labule ya kama, harshen wuta ya miƙa yana lasar rufin kafinta.

Kwamanda ya juya. Alli ya faɗi. Ya ce, "Ta zo!"

Abin da ya biyo baya masu hassada suna kiransa gudu. Mu da muka san shi mun san dabarar yaƙi ce. Da tumbin nan nasa ya shige ƙarƙashin mota kamar ƙadangare, ya kwanta daidai inda tiyo ya haɗu da tanki, sauran ɗigon da ya rage yana sauka a ƙeyarsa. A duk filin nan babu wanda ya riga shi gano inda ruwa yake.

Direba ya buɗe famfon mota, famfon ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Sai muryar kafinta ta bayan katanga: "Ku zo nan, 'ya'yana! Ruwanku na nan, ajiya kuka ba ni!"

Muka yi layi. Bokiti daga duro zuwa hannu, daga hannu zuwa taga. Matar kafinta tana ɗiba da kwanon wanki, har wani babban baƙo ya naɗe hannun riga ya shiga layi, don wuta ba ta karanta anini. Daga ƙarƙashin mota umarni yana fitowa: "Kada ku ba ta ruwa! Kuna kiwonta!" Muka ci gaba da kiwonta har ta mutu.

Kusurwar rufin kafinta ta tafi, da 'yan katakai. Zarto da inji da sauran kaya suna nan. Dattijo ya zauna a kan duron da babu komai a ciki, yana shafa injinsa kamar mai lallashin jariri.

Da hayaƙi ya lafa Kwamanda ya rarrafo ya fito, kaki duk baƙin mai. Ya gyara gashin baki, ya nemi 'yan jarida.

"Kun shaida da idonku. Ni ta zo nema, don na tona asirinta. Na shiga ƙarƙashin mota ne don in duba ta ta ƙasa, inda rauninta yake. Da ta ga idona, ba ta tsaya ba."

Kafinta ya tashi ya shiga ofishin da ya ƙone, ya tona toka da ƙafa, ya fito da wani ƙarfe baƙi ƙirin, a nannaɗe, narkakkiyar roba ta manne masa. Ya miƙa da hannu biyu.

"Yallaɓai, garin gudu ta bar wannan."

Kwamanda ya karɓa ya ɗaga sama. "Jelarta! Ban ce muku a nannaɗe take ba?" Aka ɗauki hoto. Ya sa aka buga ƙusa a bango aka rataye ta, kowa ya zo ya gani.

Washegari da safe mai walda yana kwance ƙarƙashin mota, baƙin jiya ne suka turo shi. Kwamanda ya tara mu a fili, ransa a ɓace, kofi a hannu babu komai a ciki. Ya tsaya daidai ƙarƙashin jelar, ya ce ba wanda zai bar wurin nan sai an faɗa masa ɓarawon da ya sace masa hita.