Akuyar Hansai da Buhu na Uku

Jama'a, ku taya ni jaje. Jiya na dawo ƙauyenmu Balan daga layin takin tallafi da buhu biyu, kuma saura ƙiris mutuncina ya zube a gidana.

Ga yadda aka yi. An yi shela cewa Mai Girma Uban Manoma, Allah ya ƙara masa tumbi, ya sauke mana buhu zuwa dubu ashirin. Na lallaɓa matata Hansai ta sayar da akuyarta dubu saba'in, na yi mata rantsuwa zan kawo buhu uku da maganin ciyawa, har da canji. To masu rabon nan suna da wata al'ada mai kyau: ba sa wahalar da talaka da farashi ɗaiɗai. Sai ka ɗauki taki haɗe da kwalbar magani, su faɗa maka jimilla, ka biya, ka yi godiya. Suka karɓe saba'in ɗin cif, suka ba ni buhu biyu da kwalba ɗaya.

Hansai ta dubi buhunan, ta dube ni.

"Malam, ina na ukun? Ko mai tsiren tasha ya ci rabonsa?"

Wallahi na ji zafin maganar nan. Shekara da shekaru muna tare, yau ni ake shinshina wa baki!

Allah ya taimake ni ƙanwarta Haulat, mai koyar da lissafi a Gaya, ta zo wuni. Ta ce, "Yaya, bar shi ya sha ruwa. Abu biyu ne ba mu sani ba, kuɗin buhu da kuɗin kwalba. In muka sami ciniki na biyu, gaskiya za ta fito."

Na leƙa ta katanga na ƙwala wa maƙwabcina Badaru kira. Ya ce shi buhu ɗaya da kwalba ɗaya aka ba shi, dubu arba'in, kuma tun ɗazu yake neman wanda zai yi wa kuka.

Haulat ta ɗauki tsinke ta zana a ƙasa. Nawa: buhu biyu da kwalba, saba'in. Na Badaru: buhu ɗaya da kwalba, arba'in. Ta ce a cire na Badaru daga nawa, kwalba ta tafi da kwalba, saura buhu ɗaya a dubu talatin. Kwalba kuwa goma ke nan.

"Yaya, mijinki bai ci ko sisi ba," in ji Haulat.

Na gyara hula, na yi gyaran murya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ashe na gaskiya ma sai da tsinke ake tono shi.

Hansai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To goman da aka ɗora wa kowane buhu fa, ina ta tafi?"

Haulat ta ajiye tsinken. Ta ce wannan ba ya cikin manhajar da aka ba su.

Ni dai ba na zargin kowa, wane ni! Na ji dai an ce Mai Girma yana ƙara hawa na biyu a gidansa na birni, kuma ginin bai taɓa tsayawa don rashin siminti ba. Dawata ta gefen rafi kuwa bana sai dai ta yi haƙuri da toka.

Hansai ta daɗe tana kallon turken akuyar da ya zama wayam, sannan ta kwance igiyar ta naɗe.

"Ba komai, Malam," in ji ta. "Ni ban taɓa hawa bene ba, amma ga akuyata ta riga ni."