Yadda Za Ka Sauka Daga Uba Ka Hau Aboki

Kai da kotu ta ba ka 'yarka Asabar da Lahadi kawai, kana fargabar za ta fi son gidan uwarta, kwantar da hankalinka. Hanyar nan ba ta taɓa ba mai bin ta kunya ba. Maƙwabcina Darrell ya bi ta da 'yarsa Shawna a nan garin Toledo na Amurka, ni kuwa ina kallo ta kan shinge.

1. Kashe sunan Baba
Baba tsoho ne mai hani. Ce mata ta riƙa kiran ka da sunanka. Ranar da ta ƙwala maka kira gatsau a gaban mutane, washe baki kamar gonar auduga.

2. Haɗiye "a'a"
Ta nemi makullin mota, miƙa. Ta dawo da fitila a fashe, ce, "Ba komai mutuniyar, dama motar ta tsufa." Faɗa aikin mijin uwarta ne, irin Curtis mijin uwar Shawna, mai ƙwace waya in an zauna cin abinci, mai tsare ta da karatu. Bar shi ya kwashi baƙin jini shi kaɗai.

3. Juye mata cikinka
Aboki ba ya ɓoye wa aboki. Gaya mata yadda uwarta ta cuce ka, da wadda kake nema yanzu. In ta sunkuyar da kai tana juya cokali, saurare take. Masana sun tabbatar yarinya na iya ɗaukar kayan da ya gagari babba.

4. Jira ranar girbi
A ɗaurin aure a ƙasar nan, uba ne ke riƙe hannun amarya ya kai ta gaban ango a coci. Da auren Shawna ya matso, Darrell ya yi hayar kwat, ya yi ta gwada takun a falo har da ɗaga haɓa. Sannan ya kira ta ya ji inda zai tsaya.

"Curtis ne zai raka ni," in ji ta. "Haba Darrell, kar ka ɓata rai, kai ai na hannun damana ne. Na sa ka a teburin ƙawayena, kusa da mai kiɗa. Can za ka fi sakewa."

Gargaɗi
Ba ruwan mai wannan nasiha da abin da ya biyo baya. Abota na yi maka alkawari, ga ta nan ka samu. In hawaye ya kufce maka a teburin 'yan mata, ce musu na murna ne. Za su yarda, ba su taɓa ganin ka ɓata rai ba.